Labarin tafiya da maƙala: wanne ya fi riƙe ni?

A kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru na sayi wani tsohon littafin tafiye-tafiye, don in rage dare a jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde. Ashe shi zai haɗa ni da maƙala.

Labarin tafiya hanya ce ke jan sa. Marubuci ya tashi daga Marwa, ya ratsa Waza, ya kwana a Kusiri, ya haye kogin Logon ya shiga Injamina, kai kuma kana biye kamar yaron mota. Da daɗi, amma rabinsa lissafin masauki ne da kuɗin mota. Inda ya kama ni shi ne wurin da mai littafin ya ajiye jaka, ya cika shafi uku yana tunanin yadda Bahaushen Marwa ke ciniki da Fillanci, ya cike takarda da Faransanci, ya koma gida da Hausa.

Wannan zaman tunanin shi ne maƙala. Ba ta da tasha. Tambaya ɗaya take ɗauka ta yi ta juyawa kamar waina a tanda. Aibinta, in marubucin ba shi da abin faɗi, babu dutse ko kogin da zai laɓe a bayansa, surutu ne tsagwaronsa.

Ni dai yanzu tsallake shafukan hanya nake yi, ina neman inda matafiyin ya zauna.