Ɗan kutse daga waje ko tsohon ma'aikaci: wa ya fi haɗari ga ruwan birni?

Malam, ka tambaya wa ya fi zama barazana ga na'urorin da ke sa ido kan famfunan ruwan birni, ɗan kutsen da ke can wata ƙasa ko wanda ya taɓa aiki a wurin. Duka biyun sun faru.

Na waje tukuna. A Nuwamba 2023, wasu masu kiran kansu CyberAv3ngers, waɗanda Amurka ta ce suna da alaƙa da dakarun juyin juya halin Iran, sun kutsa cikin wata na'urar kula da famfo ta kamfanin Unitronics a tashar tura ruwa ta Aliquippa, jihar Pennsylvania ta Amurka. Ba wata gwaninta aka nuna ba. Na'urar a haɗe take da intanet, kuma a lokacin irinta da lambar sirri 1111 take fitowa daga kamfani. Suka bar saƙo a fuskarta don ƙirar Isra'ila ce. Ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikata suka koma sarrafa famfo da hannu, ruwan sha bai gurɓata ba.

Na ciki kuwa a Maroochy ne, jihar Queensland ta Ostireliya, a 2000. Wani da ya yi aiki da kamfanin da ya girka na'urorin kula da famfunan ruwan ƙazanta ya nemi aiki a ƙaramar hukuma, ba a ɗauke shi ba. Sai ya loda kwamfuta da na'urar rediyo a mota, yana zagayawa yana aika wa tashoshin umarni. Famfuna su tsaya, ƙararrawa ta ƙi isa ofis, injiniyoyi suka yi makonni suna zaton lalacewa ce kawai. Kafin 'yan sanda su tare motarsa, kimanin lita 800,000 ta ƙazanta ta malala cikin rafuka, wuraren shaƙatawa, har harabar wani otal. Ɗaurin shekara 2 ya sha.

Ni dai na biyun ya fi ba ni tsoro, da ɗan gari akan ci gari. Na waje ya taɓa famfo aka gane nan take, shi kuwa wannan idon masu gadin ya rufe. Maganin na farko ma da araha: a canza lambar sirri, a raba na'urar da intanet. Na biyu sai an soke izinin mutum an karɓe kayan aiki ranar da ya ajiye aiki, a kuma riƙa tura ma'aikaci tasha ya duba ko abin da kwamfuta ke nunawa shi ne ke faruwa a ƙasa.