Vim da gyaran sakin layin da aka ɗauko a amsar imel

Duk mai amsa imel da rubutu zalla ya san wannan ciwon kai: saƙo ya zagaya hannu uku, alamomin > sun taru a farkon layi, wani layin ya zarce faɗin allo, na ƙasansa kalma biyu kacal. Masu kula da sabar ofisoshi da ɗaliban kwamfuta da ke aiki da manhajar imel ta Mutt a kan Linux suna fama da shi. Vim, editan rubutu wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, kyauta ne, kuma yana yin wannan aiki da kyau, muddin an saita shi.

A saka filetype plugin on a cikin .vimrc, wato fayil ɗin saitin Vim, sannan a buɗe fayil ~/.vim/after/ftplugin/mail.vim a rubuta:

setlocal textwidth=72
setlocal formatoptions=tcqn
setlocal comments=n:>
setlocal nojoinspaces

An zaɓi 72 a matsayin faɗin layi ne domin ƙa'idar tsarin imel ta RFC 5322 ta so layi kada ya wuce harafi 78, don haka saƙon zai iya ɗaukar ƙarin alamar ɗauko sau uku kafin ya karye. Harafin q na cikin formatoptions shi ne jigon aikin: shi ke sa gq, umarnin sake jera layuka, ta cire alamar, ta jera kalmomin, ta mayar da alamar a kowane sabon layi. Idan babu shi, sai ka tarar da > a tsakiyar jimla. Ita kuwa n da ke cikin comments, ita ke sa a gane >> a matsayin ɗauko cikin ɗauko. Ka ɗora alamar rubutu (cursor) a kan sakin layin ka danna gqip, ko gwip idan kana so ta tsaya inda take.

Inda Vim ya fi burge mu shi ne Hausa. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a UTF-8. Manhajar fmt ta GNU, wadda ita ma ke jera layuka, bayit take ƙirgawa, shi ya sa layin da ke cike da "ƙwaƙƙwaran" da "ɗaɗɗaya" ke fitowa a gajarce, gefen dama ya zama kamar haƙoran zarto. Vim faɗin harafi yake aunawa, matuƙar encoding na kan utf-8. Saboda haka kada a miƙa aikin ga fmt ta hanyar formatprg, saitin da ke sa gq ta yi amfani da wata manhaja ta waje.

Amma Vim yana da aibu. gqip ba ta san adireshi ba: layuka uku na "Layin Kosai, Tudun Wada, Kaduna" za ta dunƙule su wuri ɗaya, haka ma jerin farashi. A irin wannan wuri a danna V, a zaɓi layukan da ake so kawai, sannan gq. Harafin a na formatoptions, mai gyara kai tsaye yayin da ake rubutu, a bar shi. Ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Sai batun waya, domin yawancin masu karɓar saƙon a waya za su karanta, kuma layi mai harafi 72 yakan kakkarye a ƙaramin allo. Ƙara w a formatoptions tare da set text_flowed=yes a Mutt yana barin fili a ƙarshen layi don manhajar mai karɓa ta sake jera shi, amma ba kowace manhaja ke bin wannan ba. A fara gwadawa da aika wa kai saƙo, a buɗe shi a waya.