Harsashin Magnum ko na Gama-gari: Me Ya Dace da Maharbin Dajinmu?

Tun da bidiyon mafarautan Amurka ya fara yawo a wayoyin samari, da wuya a yi hirar farauta a majalisarmu a Bauchi ba a kawo zancen magnum ba. Ƙanena ne na baya-bayan nan. Ya miƙo mini waya, ga wani Bature kwance a kan tsauni ya kayar da dabba can ƙetaren kwari, ya ce, "Yaya, in Allah ya hore mini, irin wannan zan nema." Na ce masa ya zauna tukuna. A gidan maharba muka tashi, kuma ba na son ya zuba gumin shekara biyu a kan abin da dajinmu bai nema ba.

Hukuma ce farkon wadda za ta amsa masa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa bindigogi masu faɗin baki na milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303, cikin makaman soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙewa. Ke nan mashahurin .300 Winchester Magnum da ake ta kwarzantawa, da 'yan uwansa .30-06 da .308, duk sun faɗa faɗin bakin da aka toshe wa farar hula. Raifil ɗin farauta mai wani faɗin daban, da bindigar harbin tsuntsu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka kuwa, Kwamishinan 'yan sandan jiha. A 2023 ma rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka kafin ka taya ko da ɗamarar rataya ce, je hedikwata ka ji inda aka kwana. Wanda ya ce zai sayar maka a bayan fage, ba mai ƙaunarka ba ne.

To, mene ne magnum ɗin? Kwanso ne babba da ke cin albarushi mai yawa don ya tura kan harsashi da gudu. Ɗauki kai mai nauyin giram 11.7. A .30-06, harsashin gama-gari da ya fito tun 1906, yana barin baki da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. Wannan kan dai, a .300 Winchester Magnum na 1963, yana fita da kusan mita 900. Ƙarin gudun bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, amma albarushin da aka ƙona don samunsa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Amfanin gaske ne, ba na musunsa: harsashin ya fi miƙewa, iska ba ta cika kaɗa shi ba, kuma yana isa nesa da sauran ƙarfinsa. Sai dai a ina amfanin yake farawa? In ka daidaita saitin bindigogin biyu a mita 200, bambancin faɗuwarsu a mita 300 bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. A mita 100 kuwa, dabbar ba za ta san wanne ya same ta ba.

Yanzu ka tuna dajin da muke shiga. Bayan kaka ciyawa ta kai kafaɗa. In an ƙone ta, ga sabara da kalgo da marke sun tare ido. In hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun Dass da na Toro har ka rasa gane kututture da dabba a ɗan taƙi. A iya shekarun da na bi manya daji, yawancin harbin da na gani a ƙasa da taku ɗari aka yi shi, da yawa ma a taku talatin. Ko a filayen Gombe da ido ke tafiya nesa, wajen Dukku ko Nafada, harsashi mai cin dogon zango abin tsoro ne, domin bayan wancan kurmin akwai ruga, akwai yaro mai kiwo, akwai mace mai itace. Harsashin raifil da ya kuskure yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye kafin ya sauka.

Abin da masu bidiyo ba sa nunawa shi ne shuri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi. Aminin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da tsohuwar 7mm Remington Magnum mai lasisi, kuma a hannunsa na fara ganin yadda bindiga ke ɓata maharbi. Wani saurayi ya roƙe shi ya gwada. Aka kafa kwali a jikin shurin gara, ya harba biyu, duk suka bi iska, ya ce saiti ne ya goce. Dattijon ya karɓa, ya juya baya kamar zai ɗura, ya sa kwanson da babu komai a ciki, ya miƙa masa ya ce, "Sake gwadawa, ɗana." Yaron ya ja kunama, ƙas, ba ƙara ba hayaƙi, amma duk muka ga ya runtse ido, kafaɗarsa ta zabura, bakin bindigar ya dunguri ƙasa. Jikinsa ya riga ya koyi tsoro tun harbin farko. Wannan cuta ce mai wuyar magani, kuma magnum ce ta fi saurin sa ta, saboda duka a kafaɗa da tsawa a kunne. Kunnen da ƙara ta lalata kuwa ba ya dawowa. Ko wace iri kake riƙe da ita, toshe kunne lokacin gwaji.

Akwai kuma nama, wanda shi ne dalilin fitar yawancinmu. Gada ba ta cika wuce kilo 20 ba. In kai mai laushi ya same ta daga kusa da gudun mita 900 da ɗoriya, tarwatsewa yake yi. In ka feɗe sai ka tarar kafaɗa ta zama gudan jini da ɓaraguzan ƙashi da dalma, ka yanke ka yar. Harbin nesa kuma na da nasa alhaki. Dabbar da aka sama a ciki daga mita 400 za ta shige duhuwa, kafin ka iso da wuƙa ta ɓace, ta je ta mutu a wahale. Ka yi bisimilla ka harba, amma ba ka samu yanka ba, ba ka samu nama ba.

Sauran tsadar a taƙaice take. Magnum na son dogon bututu, inci 24 zuwa 26, ga nauyi a kafaɗa in ka wuni kana tafiya. Zafin albarushi na cinye maƙogwaron bututun da wuri. Harsashinta ya fi tsada, wanda ke nufin ba za ka riƙa gwaji ba, hannu kuwa sai da gwaji yake faɗawa. Zafin Maris da Afrilu ma na ƙara matsin wuta a cikin kwanso, don haka kada a bar harsashi ya gasu a gaban mota.

Inda magnum ta ci sunanta, a kan manyan dabbobi masu haɗari ne. .375 H&H, wanda wani kamfanin Landan ya fitar a 1912, har yau shi ne mafi ƙanƙantar abin da ƙasashen Afirka da dama ke yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Abin lura, ba gudu ne ƙarfinsa ba: kai mai giram 19.4 yake turawa da kusan mita 770 a daƙiƙa, ya ratsa ƙashi da nauyinsa. Amma mu ina za mu kai shi? Ɓaunarmu da gwanki da 'yan giwayen da suka rage suna Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, kuma harbi a cikinta laifi ne, haka ma gandun dajin Lame-Burra. Ni dai ina son jikokina su je Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta Yankari, su ga giwa da idonsu.

In mutum ya samu lasisin raifil, ga yadda nake auna su. .243 Winchester, na 1955, shurinsa kusan rabin na .30-06 ne, kuma ya ishi duk wata ƙaramar dabba da doka ta yarda a harba. .270 Winchester, na 1925, yana tura kai mai giram 8.4 da kusan mita 930 a daƙiƙa, wato miƙewarsa ta kusa ta magnum ba tare da azabarta ba. In da ni ne mai zaɓe tsakaninsa da 7mm Remington Magnum na 1962, shi zan ɗauka ban waiwaya ba. Tsohon 7x57 Mauser na 1892 a hankali yake tafiya, ba ya ɓata nama, kuma ya fi shekara ɗari yana aiki a dazukan Afirka. Sai dai duk kyawun bindiga, in dillali mai rajista ba ya kawo harsashinta, sanda ka saya. Tambayi harsashi kafin ka tambayi bindiga.

Ga yawancinmu kuwa, masu bin zabo da fakara da zomo da gyazbi, ko masu korar birai daga masara, bindigar harbin tsuntsu mai lamba 12, mai baki ɗaya ko biyu, ita ce daidai. Iyakarta mita 35 zuwa 40, ƙwayoyinta na mutuwa kusa, gyaranta da sauƙi.

Na ba ƙanena aiki ɗaya kafin mu sake maganar. A ranin bana, duk dabbar da ya hango a daji, ya taka daga inda yake tsaye zuwa inda take, ya ƙirga takun, ya rubuta a takarda. Ya kawo mini takardar makon jiya. Dabba goma sha ɗaya ya rubuta, mafi nisa a cikinsu wata gada ce a bakin rafi, taku 85.