Sun iya kula da yara, amma lissafinsu ya ɓata min rai

Mun zaɓi wannan kamfanin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ne saboda duk tallarsa a kan iyali take: ɗakin wasan yara da masu reno, wurin ninkaya mai sulu, gadaje masu hawa biyu. Mun hau a Barsalona, jirgin ya bi da mu Marsei da Jenowa, sannan tashar da ake sauka a nufi birnin Rum, mai nisan kusan kilomita 80 daga tashar.

Kafin a tashi sai da aka yi wa kowa atisayen ceto, aka nuna mana inda za mu taru da yadda ake sa rigar ruwa. Tun 2015 wannan ya zama dole kafin tashi ko da zarar an tashi, bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia na 2012 da ya ci rayuka 32. A wurin ne aka ɗaura wa ƙananan yara munduwa mai lambar wurin taruwarsu, aka ce ko wanka kada a cire.

Ranar da jirgin ya wuni a tsakiyar teku, jama'a duk sun hau benen sama. Cikin cunkoson nan autana, ɗan shekara 4, ya ɓace min. Dama ruwa, hagu ruwa. Wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi. Na kama wata ma'aikaciya ina magana ba kai ba gindi. Ba ta ruɗe ba, ba ta kuma ce min in yi haƙuri kawai ba. Lambar ɗaki ta tambaya da launin rigarsa, ta yi magana a rediyon hannunta, ta riƙe ni ta zaunar. Nan take na ga ma'aikata sun tsaya a bakin matakala da lif. Baban yara bai ma gama zagaye wurin ninkayar ba aka kira: wani mai goge-goge ya tsince shi a hawa na ƙasa, ya ga munduwar, ya miƙa shi ɗakin yara. Na same shi yana zane, an share masa hawaye. Matar nan har yamma ta bugo ɗakinmu ta ji lafiyarsa. Allah ya saka mata da alheri.

A ranar da an ba ni takardar ra'ayi da na cika musu maki. Sai daren ƙarshe lissafi ya zo. Tukwicin ma'aikata an ɗora shi kullum a kan kowane kai, har yara. Ba na ƙyashin ma'aikatan, sun ci haƙƙinsu, amma me ya hana a haɗa shi cikin kuɗin tikiti tun farko? Intanet kuɗinsa daban, kuma yana yankewa. Daren da iska ta taso mana a gaɓar Faransa babbar 'yata ta yi ta amai, muka kai ta asibitin jirgi, ganin likitan ma da nasa caji mai nauyi. Ɗakin da muka kama kuwa na ciki ne marar taga, ga ƙunci, akwati ma sai a ƙarƙashin gado.

Zan sake hawa saboda ma'aikatan, amma sai ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, kuma sai an rubuta min duk wani ƙarin caji kafin in biya.