Tikitin Gaban Dandamali: Kwalliya Ba Ta Biya Kuɗin Sabulu Ba

Duk mai bin wasannin kiɗan rok, wato kiɗan Turawa mai ƙarfi na jitar lantarki da ganga, da na fok, wato waƙoƙinsu na gargajiya, ya san tikitin nan da ake kira na musamman, wanda ake ƙara wa kuɗi a kan na kowa, a bar mai shi ya riga jama'a shiga zaure, a kuma keɓe masa wuri a jikin shingen da ke gaban dandamali. Na daɗe ina zuwa irin waɗannan wasanni ina tsayawa inda tikitin gama-gari ya kai ni, har aka sanar da wasan da ya haɗa ƙungiyoyi biyu da nake ƙauna a dare ɗaya, masu fok su buɗe fage, masu rok su rufe. Na saya wa kaina wannan gata, kuma abin da masu shirya wasan suka sayar mini da tsada shi ne mafi munin sautin da na taɓa ji a zauren kiɗa.

Matsalar ta bayyana tun a waƙar farko ta masu fok. Suna gabana, ina ganin yatsun mai banjo, wani abin kiɗa mai kama da molo, a kan tsirkiya, har ina iya karanta jerin waƙoƙin da aka manna a ƙasa kusa da ƙafar mawaƙiyar, amma bakinta kawai nake gani yana motsi. Muryar tana zuwar mini a makare, a dunƙule, kamar ta mai magana cikin tulu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya saba da zauruka. Tun daga shekarun 1990 aka koma rataye manyan lasifikoki a sama, a jere masu lanƙwasa, ana saita su su watsa sauti zuwa tsakiya da bayan zaure, saboda haka sautinsu yana wucewa ne ta saman kan mutanen sahun gaba. Maganin wannan sananne ne, wato a jera ƙananan lasifikoki a bakin dandamali suna fuskantar na kusa. A wannan dare babu ko ɗaya. Abin da ke iso mana shi ne amon da ya bugi bangon baya ya dawo, da ɗan abin da ke tsiyayowa daga lasifikokin da makaɗan ke sauraron kansu da su. Waƙar fok kuwa labari ce, baiti bayan baiti, a kan matuƙin jirgin ruwan da bai dawo ba ko mahaƙin kwal da rami ya rufta da shi, kuma idan aka cire kalmomin babu abin da ya saura sai kaɗa jita a kan karin da bai cika sauyawa ba.

Da masu rok suka hau sai abin ya tashi daga takaici ya koma azaba. An tara lasifikokin da ke fitar da amo mai kauri a ƙasa, daidai gwiwoyinmu, duk lokacin da mai ganga ya taka babbar gangarsa sai in ji bugun a ƙirjina da haƙorana. Akwatin sautin mai jitar lantarki yana fuskantar inda nake tsaye, don haka shi kaɗai nake ji, shi da farantan ƙarfen mai ganga, mawaƙin kuwa da ɗaya mai jitar kamar ba su zo ba. Na yi wa ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke tsaron shingen magana, ya nuna mini kunnuwansa da ke toshe, ya ɗaga kafaɗa. Ban ga laifinsa ba, ba aikinsa ba ne, amma na lura cewa an tanadar wa ma'aikata abin toshe kunne, mu da muka biya kuɗi mafi yawa ba a ko yi mana tayi ba. A nan ne na tuna da bikin fok na Newport a Amurka a shekarar 1965, inda wasu 'yan kallo suka yi wa mawaƙin fok Bob Dylan ihu ranar da ya fito da jitar lantarki irin ta masu rok. An daɗe ana cewa sabon salon ne suka ƙi, amma Pete Seeger, wani babban mawaƙin fok da ke wurin, ya bayyana daga baya cewa abin da ya ɓata masa rai a ranar shi ne lalacewar sautin da ta hana a ji kalmomin waƙar. A daren nan na fahimce shi sarai.

Wajen tsakiyar wasan na haƙura da gatan nawa, na kutsa baya har kusa da teburin mai sarrafa sauti, wurin da tikitin gama-gari ke kai mutum ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wallahi sai ka ce wani wasa na shiga daban. Murya ta fito tas, jitocin biyu suka rabu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, gangar da ke dukan ƙirjina ɗazu ta koma tana riƙe da kiɗan yadda ya kamata. Ashe mutumin ya san aikinsa, kuma daga inda yake zaune babu yadda za a yi ya ji abin da na gaba ke ciki. Dole in yaba wa makaɗan. Sun ja wasu waƙoƙin sun ninka tsawonsu na faifai ba tare da sun gundure mu ba, sannan bayan sun sauka jama'a suka yi ta tafi har suka dawo, wannan karon tare da masu fok. Mai gogen Turawa ya karɓi wurin da jitar lantarki ta saba cikewa, mawaƙan biyu suka haɗa murya a makirufo ɗaya, zauren gaba ɗaya ya ɗauki amshi. Irin wannan ne ke sa mutum ya bar faifai a gida ya je ya yi awanni a tsaye, kuma na fito ina cewa a raina komai ya wuce.

Washegari na tashi da ƙara a kunnen hagu, wanda ya fuskanci akwatin jitar, sai fushina ya dawo sabo. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar sauraro ga wuraren kiɗa da taruka, inda ta ce kada matsakaicin ƙarfin sauti ya wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) idan aka auna na minti 15, a riƙa aunawa yayin wasa, a tanadar wa 'yan kallo abin kare kunne, a kuma ware musu wuri mai shiru da za su huta. Ko desibel 100 ɗin ma, a lissafin hukumar, abin da kunne zai ɗauka lafiya bai kai rabin awa a mako ba, tun da ƙarin desibel 3 kawai yana ninka ƙarfin sauti ya rage lokacin zuwa rabi. Ban ga sanarwa a ƙofa ba, ban ga wurin hutawa ba, kuma sahun da ya fi kowane haɗari shi ne aka ƙawata da sunan na musamman. Ƙarar ta lafa daga baya, amma ba kowa ke samun wannan sa'a ba, domin akwai waɗanda takan zame musu ta dindindin.

Sauran alkawuran tikitin ma ba su cika ba. Hoton wasan da aka ce za a ba kowane mai tikitin musamman ya ƙare kafin layi ya iso kaina, riga jama'a shiga da aka yi ta tallatawa kuwa ta zama tsayuwa a zaure babu kowa ana gwajin fitilu. Na rubuta wa masu shirya wasan ina neman a mayar mini da bambancin da ke tsakanin tikitin biyu kawai, ba duka kuɗin ba. Suka amsa cikin ladabi cewa tikitin ya yi alkawarin kusanci da dandamali ne, bai ambaci sauti ba, kuma ƙorafin lasifika na masu zauren ne. Masu zauren su kuma suka ce su ɗaki kawai suka bayar haya, kayan sauti na masu shirya wasan ne, in koma gare su.