Lesin ɗin adabin Turanci a Samaru: malami ɗaya ne ya fitar da su kunya

Da don allon tallan da suka kafa a bakin titi ne, da ban sa ƙafa a wurin ba, don kowa a Zariya ya san yadda masu lesin ke cika baki da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB. Shari'a nake son karantawa a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ba a shiga sai da kiredit a adabin Turanci, ga shi dole a ɗauke shi a JAMB ɗin ma. Inda nake tuntuɓe kullum shi ne adon harshe. Takardar farko ta WAEC tambayoyi 50 ce na zaɓi, a ciki har da waƙa da guntun labarin da ba ki taɓa gani ba, a ce ki faɗi salon da marubuci ya yi amfani da shi. Na haddace ma'anoninsu tsaf, amma da an ajiye min baiti sai kaina ya ƙulle.

Wata Asabar aka kawo mana wani dattijo, tsohon malamin sakandare, da alli a aljihun rigarsa. Cewa ya yi mu rufe littattafai. Ya nuna ni ya ce, "'Yata, in kika ɓarar da miya, mahaifiyarki ta dube ki ta ce kin kyauta, yabonki ta yi?" Na ce a'a, Malam. Ya ce to wannan ita ce gugar zana, kuma ita Bature ke yi a waƙarsa. Daga nan ya zarce. Kano tumbin giwa, siffantawa ce, an ce abu shi ne wani abu kai tsaye. In aka sa "kamar" ko "tamkar" ya koma kamance. Duniya budurwar wawa, an mayar da duniya mutum. Wane ya riga mu gidan gaskiya, an sakaya mutuwa. Na kira ki sau dubu, kambamawa. Duk wanda ya kawo sai ya rubuta sunansa na Turanci a gefe, ya kuma gaya mana yawancin sunayen nan daga Girkanci suka fito, shi ya sa suke mana nauyi a baki, amma abin da suke nufi muna yinsa tun muna goye.

Sai ya rubuta baituka shida na wata waƙar Turanci a allo, ya koma ya zauna. Wallahi ajin ya rikice, kowa na ɗaga hannu. Na gano siffantawa a layi na uku, ina murna, ya ce, "Ban sallame ki ba. Me ta ƙara wa baitin? Me ya sa bai faɗi maganar kai tsaye ba?" Ya ce a takardar waƙa da wasan kwaikwayo, mai makin ba ya jin daɗin wanda ya ambaci sunan salo ya tsaya, so yake ya ga kin bayyana aikin da salon ya yi. Ba wanda ya taɓa gaya min haka a makarantarmu. Ranar har na isa gida a Tudun Wada ina tsintar adon harshe a rubutun bayan motoci.

To amma in na tuna ɗan littafin da suka tilasta mana saye, raina ɓaci yake. Fotokofi ne dishi-dishi, kuɗinsa kuma daban da na lesin. A ciki an juya ma'anar metonimi da ta sinekdoki. Malam da kansa ya kamo kuskuren: "fada ta ce" a madadin sarki, an ambaci abin da ke da alaƙa da shi, wannan metonimi ce, "baki goma nake ciyarwa", an ambaci sashe ana nufin mutum sukutum, wannan sinekdoki ce. Littafin ya faɗa a baibai, har amsoshin bayansa ma haka. Muka kai wa mai wurin ƙara, ya ce laifin mai bugawa ne, za a gyara. Har yau shi ake sayar wa sababbin ɗalibai. Wanda bai zo ranar ba, haka zai shiga jarrabawa da shi.

Kafin a kai ga wasan Shakespeare, wanda ke da kaso mai tsoka a takardar farko, sai dattijon ya daina zuwa, ba wanda ya yi mana bayani. Aka kawo wani saurayi da ke karanto mana shifta daga wayarsa, mu kwafa, lokaci ya yi ya fita. In kin yi tambaya ya ce yana cikin littafi, wato wancan mai kuskuren. Ga cunkoso, ga zafi, kwamfutocin gwajin JAMB da aka yi mana alƙawari kuwa rabinsu ba sa tashi.

Na gaya wa Baba kada ya biya ragowar kuɗin zango na biyu. Ƙawata ta ce an ga Malam yana koyarwa wajen Sabon Gari, gobe in Allah ya kai mu za mu je mu tambaya.