Mectizan da tsarin rabonsa: abin da ya yi da abin da bai iya ba

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyen da ke bakin kogi mai gudu da ƙarfi ya san baƙin ƙudan nan ɗan ƙarami da ke cizo da rana. Idan kuma ya daɗe a wurin, zai san abin da cizon yake bari a jikin mutane: ƙaiƙayin da ke hana barci, fatar ƙwauri da ke yin dabbare-dabbare, ƙulli-ƙulli a ƙugu da haƙarƙari, daga ƙarshe ido ya dushe har ya rufe. Wannan ita ce cutar makantar kogi, wadda wata tsutsa da ƙudan ke sa wa mutum take haddasawa, kuma maganin da aka dogara da shi wajen yaƙarta kusan shekara 40 ke nan shi ne Mectizan, sunan da kamfanin Merck ya bai wa ƙwayar ivermectin da ake rabawa kyauta. Na yi shekaru ina aikin duba masu rabon wannan magani a karkara, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi ƙwayar kanta da kuma hanyar da take bi kafin ta isa bakin mai sha, domin a ganina ba a iya auna ɗaya a bar ɗaya.

Ƙwayar fara ce, ƙarama, mai nauyin miligiram 3, ba ta buƙatar firji, ba ta buƙatar allura, kuma sau ɗaya ko sau biyu ake shanta a shekara. Abin da ya fi burge ni shi ne ko sikeli ba a nema. Sanda ce doguwa da aka shafa wa fenti kala-kala, mutum ya cire takalmi ya tsaya a jikinta, tsayinsa ya nuna rabonsa. Daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, daga 120 zuwa 140 biyu, daga 141 zuwa 158 uku, wanda ya haura haka huɗu. Yaron da bai kai santimita 90 ba a tsallake shi, haka mai juna biyu, da mai jegon da ba ta yi mako guda da haihuwa ba, da wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani. Na sha tsayawa ina kallon manomin da karatunsa bai wuce firamare ba yana gudanar da wannan aiki a ƙofar gida, ya daidaita sanda, ya ƙirga ƙwayoyi a tafin hannun mutum, ya jira ya ga ya haɗiye da ruwa, sannan ya buɗe rajista ya sa alama a gaban sunansa, ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba.

Aikin ƙwayar a jiki shi ne ta kashe 'ya'yan tsutsar da ke yawo a ƙarƙashin fata da cikin ido, waɗanda su ne ke haddasa ƙaiƙayi da makanta, ta kuma hana uwar tsutsar zuba wasu na tsawon watanni. Sauƙin yana zuwa da wuri. Wata dattijuwa da ta saba susa da ɓawon masara har fatar cinyarta ta yi kanta ta shaida mini, 'yan makonni bayan shan farko, cewa ta yi barci har asuba, abin da ta manta rabonta da shi. Ƙari a kan haka, maganin yana fitar da wasu tsutsotsin ciki, yana kashe ƙwarƙwata da ƙazwa, kuma tun 1998 aka faɗaɗa kyautarsa zuwa yaƙi da tundurmi, inda ake haɗa shi da albendazole.

Asalinsa daga ƙasa ne, ƙasar da ake takawa. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato a Japan ne ya tsamo wata ƙwayar halitta daga ƙasar da ya ɗebo a shekarun 1970, William Campbell da abokan aikinsa a Merck suka gano ƙarfin sinadarin da take fitarwa a kan tsutsotsi, aka samar da ivermectin daga gare shi, aka fara sayar da ita a matsayin maganin dabbobi a 1981. A shekarar ce Dakta Mohammed Aziz ya gwada ta a kan masu makantar kogi a Dakar ta Senegal, a 1987 kuma kamfanin ya yi alkawarin bayar da ita kyauta, iya yawan da ake buƙata, har tsawon lokacin da ake buƙata. Omura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015, kuma sun cancanta.

Sai dai magani a sito ba ya warkar da kowa, kuma a nan ne nake ganin ba a yi wa Farfesa Uche Amazigo adalci wajen ambato ba. Malama ce mai nazarin tsutsotsin da ke rayuwa a jikin ɗan Adam a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, lokacin da ta haɗu da wata mai juna biyu wadda cutar ta ɓata wa fata har mijinta ya guje ta. A wancan zamani ana kallon cutar a matsayin matsalar ido kawai, matsalar yankunan da ake makancewa, alhali a dazuzzukan kudu makantar ba ta da yawa amma fata na lalacewa. Amazigo ta shiga ƙauyuka ta zauna da mata, ta nuna a rubuce yadda ƙaiƙayi da tabon fata ke hana 'yan mata samun miji, ke raba aure, ke hana uwa shayarwa cikin natsuwa. Wannan bincike yana cikin abin da ya sa aka yarda cewa yankunan da ba a makancewa su ma suna buƙatar magani. Da aka kafa APOC, shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka, a 1995, mai hedikwata a Wagadugu, ta shiga cikinsa, ta kuma shugabance shi daga 2005 zuwa 2011, sannan aka ba ta lambar yabo ta Yarima Mahidol ta ƙasar Thailand a 2012.

Babbar gudummawarta ita ce tsayawa a kan cewa jama'ar gari su riƙe rabon da hannunsu. Kafin nan tawagar ma'aikata ce ke zuwa da mota, ta raba ta tafi, wanda ya je gona ya rasa. A sabon tsarin, wanda APOC ta ɗauka a 1997 bayan an gwada shi a ƙasashe da dama, mutanen gari ne ke zaɓen mai rabo daga cikinsu, su yanke ranar da za a yi, su zaɓi ko gida-gida za a bi ko a taru wuri guda. Na ga amfanin wannan da idona. Mai rabon da aka haifa a unguwa ya san matar da ba za ta faɗi tana da ciki a gaban mutane ba, ya san gidan da sai an bi ta hannun tsohuwar gidan, ya kuma san wanda ya tafi ci-rani da lokacin da zai dawo.

Aibin ƙwayar babba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: ba ta kashe uwar tsutsar. Uwar tana naɗe cikin ƙullin nan tana iya rayuwa har shekara 15, saboda haka dole gari ya yi ta sha shekara bayan shekara har tsofaffin tsutsotsin su mutu da kansu. Mutumin da ƙaiƙayinsa ya tafi tun shekara ta uku yana da wuyar shawo kai a shekara ta goma. Ga kuma wahalar shan farko ga mai tsutsa da yawa: ƙaiƙayi ya ƙaru, fuska ko ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi na kwana biyu ko uku, kuma idan ba a yi masa bayani tun farko ba, shi ke nan an rasa shi da iyalinsa. Mafi haɗari shi ne yankunan tsakiyar Afirka, irin su Kamaru da Kwango, inda ake da tsutsar ido ta Loa loa, domin wanda take da yawa a jininsa maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya suma ko ya rasa rai. Wata ƙwayar magani mai suna doxycycline tana iya kashe uwar tsutsar, amma sai an sha kullum na makonni huɗu zuwa shida, abin da ba zai yiwu a yi wa gari guda ba.

Tsarin rabon ma yana da inda yake ɗingishi. An gina shi a kan cewa gari zai saka wa mai rabo, amma sau da yawa ba a ba shi komai sai godiya, yayin da wasu shirye-shiryen lafiya ke biyan nasu masu aikin alawus, don haka ƙwararru ke ajiye sanda su koma can. Akwai shekarar da magani bai iso mana ba sai tsakiyar damina, bayan an sanar da mutane rana har sau biyu. Hanya ta yanke, maza suna gona tun safe, makiyaya sun yi nisa. Da na karɓi wata rajista na ga kowane suna da alamarsa, da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, har da sunan wani da aka yi jana'izarsa watanni kafin nan. Ban ga laifin mai rabon kaɗai ba, domin an matsa masa ya kawo adadi, ba a ba shi lokaci ko abin hawa ba. Amma abin ya dame ni ƙwarai, saboda mutanen da ake tsallakewa kowace shekara su ne ke riƙe da tsutsar da ƙudan zai ɗauka ya mayar wa sauran.

Duk da haka, sakamakon ba abin musu ba ne. Kolombiya ta rabu da cutar a 2013, Ekwado da Meziko da Gwatemala suka biyo baya. A Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar, an katse yaɗuwarta a jihohin Filato da Nasarawa har aka dakatar da rabon. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da ita, ko da yake a can feshin kashe ƙudan a koguna, wanda OCP, wani shirin yaƙi da cutar da aka kafa a yammacin Afirka a 1974, ya gudanar, ya yi rabin aikin. Akwai kuma wani magani, moxidectin, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, mai danne 'ya'yan tsutsar na tsawon lokaci fiye da ivermectin.

Hukuncina shi ne Mectizan magani ne nagari wanda nake ba kowa shawarar sha idan mai rabo ya zo ƙofarsa, ko yana jin ƙaiƙayi ko ba ya ji, muddin ba ya cikin waɗanda aka ce a tsallake. Ga masu tafiyar da shirin kuwa, ina roƙon a kai maganin da rani, a tsayar wa mai rabo ɗan abin da zai riƙe, a kuma riƙa bin gidaje bayan rabo ana tambayar mutane da baki ko sun sha, maimakon a tsaya ga abin da rajista ta nuna.